Inda Ruhin Kamanja Yake Tsayawa

A shekarun farko da na yi a Madina ina aiki a wani shagon tabarau a Ƙuba, a layin da ke bayan inda bas-bas ke sauke masu ziyara. Fiziks na karanta a jami'a a gida, amma aikin da na samu shi ne yanka gilashi da ɗaure ƙusoshin tabarau, waɗanda wasunsu ba su kai ƙwayar gero ba. Ban ƙi aikin ba. Abu ne da mutum zai iya sake dubawa kafin ya miƙa wa mai shi, ni kuwa dubawa ba ta cika isata ba.

Akwai wani dattijo da yakan zo mana, Bahaushen Sudan, wanda kakanninsa suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji suka yi zamansu a bakin Nilu. Yakan ce shi ya ƙarasa musu tafiyar. Sana'arsa ɗinkin katifu da kujerun majalisi, wato na falon baƙi, har hannunsa ya fara rawa ya bar wa wasu. Hausarsa tsohuwa ce, da Larabci barbaɗe a kai. Ni Baba nake ce masa. Shi kuma Abu Yumkin yake kirana, wato uban wataƙila, saboda ko tambayata ya yi ko tabaransa za su kai baɗi, sai na ce wataƙila.

Wata rana da hantsi ya shigo bai kawo tabarau ba. Ya dafa teburin gilashi ya sunkuyo.

"Ya waladi, ruhin ya faɗi. Na yayana."

Na ajiye abin da ke hannuna na fara salati, na ce Allah ya jiƙansa, yaushe abin ya faru.

"Wa? Yayana ya rasu tun kana rarrafe. Kamanjarsa nake gaya maka."

Sai da ya yi mini bayani na gane. Kamanja ita ce gogen nan na katako mai tsirkiya huɗu da ake saƙalewa a ƙarƙashin haɓa, wanda mutanen Sudan suke so ƙwarai. A cikin cikinta akwai wani ɗan itace, kaurinsa kamar fensir, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, yana tsaye tsakanin katakon sama da na ƙasa. Ba a manna shi da gam. Matsewa kawai ke riƙe shi, da nauyin tsirkiyoyi. Shi ke ɗaukar rawar katakon sama ya kai wa na ƙasa, kuma inda aka tsayar da shi ne ke ba kamanja muryarta. Makaɗa suna kiransa ruhi. Baba ya kwance tsirkiyoyin huɗu gaba ɗaya don ya sa sabbi, hannunsa ya goce kamanjar ta bugi gefen kujera, sai ya ji wani abu yana gangarawa a ciki.

Yayansa makaɗin biki ne a can Sudan, shi ya sassaƙa wannan ruhin da wuƙarsa, shi ya tsayar da shi, kuma tun daga lokacin ba wanda ya taɓa shi. Ba a taɓa naɗar kiɗan mutumin a kaset ba. Abin da ya rage nasa shi ne muryar da ya bar wa kamanjar, kuma Baba kaɗai yake ganin ya san ta. Ga shi kunnensa na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sa, likita kuma ya ce ba za su dawo ba. So yake a mayar da ruhin inda yake tun yana iya ji ya ce ita ce.

Na ce masa wataƙila a Jidda akwai masu wannan aiki.

"Akwai. Za su jefar da na yayana su yanka sabo, su sa shi inda suka ga dama, su ce ta fi da daɗi. Ni ba daɗi nake nema ba. Na ga hannunka, ba ya rawa. Bakinka ne ke rawa."

Ban amsa a ranar ba. Na yi ta juya maganar kiɗa a raina, don na san malamai sun saɓa a kai, kuma ban tambayi kowa ba, ina jin saboda ina tsoron kowace amsa aka ba ni. A ƙarshe na gaya wa kaina aikin kafinta zan yi. Ban tabbata hujjar ta tsaya ba. Abin da ya fi tsaya mini a wuya ma sunan ne. Na tashi da sanin cewa ruhi al'amarin Allah ne, ɗan Adam ba ya sa shi ba ya cire shi. Na san suna ne kawai, kamar yadda muke kiran ɗan katakon da tsirkiya ke hawa jaki ba tare da mun kai masa ciyawa ba. Duk da haka harshena ya ƙi. Ɗan itacen nake cewa, daga farko har ƙarshe.

Gidansu yana Al-Ranuna, hawa ɗaya a wani tsohon bene. Ranar Juma'a ce hutuna, sai na je bayan la'asar da ɗan madubin nan mai mariƙi irin na likitan haƙori, da hantsaki, da 'yar fitilar da nake duba gilashi da ita. Matarsa, Hajiya, ta kawo shayi ta tsaya a bakin ƙofar kicin tana kallon akwatin kamanjar.

"Kai ne za ka tashe ta? Ɗana, me na yi maka? Tun da Mai Mura ta yi shiru nake barcin rana."

Na tambayi wace ce Mai Mura.

"Ita mana. Ta hanci take magana, kamar mai ita. Allah ya jiƙansa, shi ma in yana zance sai ka ce a kawo masa hankici. Tun ina amarya nake jin kukan nan."

"Me take cewa?" in ji Baba.

"Na ce shayinka zai huce!"

Muka shimfiɗa bargo a kan tebur muka kwantar da kamanjar. A fuskarta akwai tsaga biyu masu lanƙwasa, hagu da dama, kowace faɗinta kaɗan ya ɗara kaurin ɗan itacen. Ta nan komai ke shiga, ta nan yake fita. Na karkata ta a hankali har ya gangaro saitin tsagar, na kamo shi da hantsaki. Farin itace ne da ya yi duhu, ba nauyi. A gefensa akwai wani ɗan tabo, inda yayan ya soke shi da ƙarfensa lokacin da zai shigar da shi. Baba ya sa a tafin hannunsa ya daɗe yana shafa tabon da babban yatsa.

Ƙarfen yayan ya ɓace tuntuni. Baba ya kwatanta mini shi: siriri, mai lanƙwasa biyu, bakinsa ɗaya mai kaifi don soke itacen, ɗayan kuma mai ƙugiya don ja da turawa. Muka rasa abin da za mu yi shi da shi, sai Baba ya leƙa kicin ya fito da tsinken ƙarfe na gashin nama.

"Wannan cikin saiti yake," in ji Hajiya.

"Za a dawo miki da shi."

"A lanƙwashe?"

Na lanƙwasa shi a jikin ƙarfen taga, na wasa bakinsa, na naɗe tsakiyarsa da salatif don kada ya ci gefen tsagar. A gindin kamanjar akwai wani ɗan turke da ake ɗaure mariƙin tsirkiyoyi a kai. Da muka zare shi sai ga rami, wanda in ka kafa ido za ka hangi cikin gaba ɗaya, kamar kana leƙen ɗaki ta kafar makulli.

Yadda aikin yake, a baki, ba wuya. Ka soke ɗan itacen a tabonsa, ka zura shi ta tsagar dama, ka miƙar da shi a tsakiya inda cikin ya fi tsawo, sannan ka jawo shi gefe a hankali har ya kama sama da ƙasa, ka zare ƙarfen. Wurinsa ɗan bayan ƙafar jaki ta dama, ta wajen siririyar tsirkiya. Hatsarin kuwa shi ne katakon sama mai taushi ne. In ka matsa da yawa zai tsage, kuma tsagewar wannan wurin ba ta cika gyaruwa ba. In ka sassauta, ɗan itacen ya faɗi.

Ni sassautawa nake yi. Duk lokacin da na ji ya fara kamawa sai hannuna ya tsaya, in zare ƙarfen, in ji ƙwas, ya kwanta. In sake karkata kamanjar, in sake kamo shi. Haka muka yi har aka kira magariba. Baba bai ji kiran ba, sai da Hajiya ta taɓa kafaɗarsa.

Juma'ar da ta biyo Hajiya ba ta nan, ta tafi wajen 'yarsu a Uhudu. A cikin makon na yi ta gwaji a ɗakina da guntun fensir da wani akwatin tabarau na katako, har na fara sanin bambancin kamawa da matsewa. Kafin in soma sai na ce bari in share ƙurar ciki. Baba ya ce a zuba busasshiyar shinkafa a girgiza, haka yayansa yake yi. Muka zuba, muka girgiza, muka zazzage, ta fito da ƙura da gashi. Da na haska fitila a kan katakon ƙasa sai na ga shaidar da nake fata, wani ɗan zobe inda itacen ya daɗe a tsaye. Amma zoben biyu ne. Sun shiga juna, ɗaya ya fi kusa da ƙafar jaki, ɗaya ya ja baya da kamar faɗin ƙwayar shinkafa.

Na gaya wa Baba. Ya ce to ɗaya na wanda ya ƙera ta ne, ɗaya na yayansa. Wanne ne wanne, bai sani ba. Idonsa ba ya ganin ciki ko da fitila.

"Wanne ya fi duhu?"

"Wataƙila na gaba. Amma in na juya fitilar sai in ga kamar na baya."

"La ilaha illallah. To sa shi mu ji."

Na yi tunanin da ina jin duk wanda ya san ni zai iya faɗa tun kafin in yi. Na ce in na tsayar da shi a tsakanin zoben biyu, kowanne ya zama daidai ban yi nisa da shi ba. Wannan karon ya tsaya. Na leƙa ta ramin gindi na ga ya miƙe. Muka mayar da turken, muka kafa jakin, muka ɗaure tsirkiyoyin kaɗan kaɗan, wannan sai waccan, don nauyin ya sauka daidai. Baba ya goga ƙaro a izgar bakansa, ya saƙale kamanjar ya ja.

Ni dai na ji kiɗa. Ya yi ɗan lokaci yana ja, ya tsaya, ya juyo da kunnensa na dama wajen katakon, ya sake ja. Sannan ya sauke ta a cinyarsa.

"Ban sani ba," ya ce. "Kamar ba ita ba. Amma ban sani ba ko ita ce ta sauya ko kunnena ne."

Wannan ne karo na farko da na ji shi ya yi magana irin tawa, kuma ban ji daɗinsa ba. Na gaya masa inda na sa shi.

"A tsakiya? Ya Abu Yumkin! Yayana bai taɓa tsayawa a tsakiyar komai ba. Ko a mota, ko gaba ko saman kaya."

Na zura madubin ta tsagar don in duba kan ɗan itacen, inda ya haɗu da katakon sama. A gefe ɗaya ya kama, a ɗaya gefen kuma haske yana ratsawa, siriri kamar gashi. Wato a kan kaifinsa yake tsaye, kuma da nauyin tsirkiyoyi zai yi ta cin katakon a hankali. Na ce lallai mu sassauta su yanzu. Ban ce wataƙila ba, amma a lokacin ba wanda ya lura, har ni. Muka sassauta, na rufe akwatin, na ce kada a taɓa.

A shago ne abin ya zo mini, ranar wani aiki da ba shi da alaƙa da wannan. Wata mata ta kawo gilashin tsohon tabaranta tana so a sa a sabon gidan tabarau, na ɗaga sama na nuna mata hasken da ke ratsa gefe, na ce gilashin da aka yanka wa wani gida ba ya zama a wani. Ina cikin faɗa sai na tuna kan ɗan itacen. Cikin kamanja ba shimfiɗaɗɗe ba ne, sama da ƙasa duk a kumbure suke kamar bayan ƙwarya, don haka kowane wuri da irin karkatarsa. Yayan ya sassaƙa kan itacen da gindinsa su dace da wurin da ya zaɓa. Ke nan ba sai na san wane zobe ya fi tsufa ba. A ɗayansu haske zai ratsa, a ɗayan ba zai ratsa ba.

Da na koma Juma'a, sai da na daɗe ina ƙwanƙwasa ƙofa. Hajiya ce ta buɗe, hannunta da albasa. Ta rage murya, ko da yake ba a bukata.

"Yana zaune a nan kusa da ƙofar tun azahar yana jiranka, bai ji ba. Makon nan abin ya ƙaru. In za ka yi, ka yi."

Na fara da zoben gaba, na kusa da ƙafar jaki. Na sa ƙugiyar na ɗan ja gindin, sannan kan, kowane ja bai kai kaurin farce ba, ina leƙawa ta ramin gindi don kada ya karkace. Tabon yayan na bar shi yana fuskantar tsagar, yadda ƙarfensa ya bar shi. Da ya hau zoben na zura madubi. Haske yana nan, ya ma fi na tsakiya.

Na tura shi baya. A nan ne na fi jin tsoro, don kafin ya kai zoben na biyu ya fara tauri, kuma ban san ko taurin zama ne ko na tsagewa ba. Na tsaya. Baba yana kallon hannuna. Na ɗan ƙwanƙwasa gindin da bayan ƙarfen, na ji ya matsa, ya ba da wani ɗan sauti busasshe, ya tsaya. Na duba ƙasa, ya rufe zoben ruf. Na duba sama da madubi, na juya fitilar ta kowane gefen da zan iya. Ban ga haske ba. Na sake dubawa, sannan na ajiye madubin da gangan nesa da hannuna.

"Nan ne?" in ji Baba.

"Nan ne."

Ya ci gaba da kallona yana jiran sauran maganar. Da ya ga ba ta zo ba sai ya jawo akwatin tsirkiyoyi.

Ɗaurewar ta ɗauki lokaci, don yanzu ba ya iya daidaita su da kunne sosai, sai ya dafa haƙoransa a kan katakon wuyan yana jin rawar. Da ya gama ya saƙale ta ya ja wata waƙa mai tafiya a hankali, irin ta rakiyar amarya in ji shi daga baya. A kunnena ta bambanta da ta wancan makon. Ta fi duhu, kuma akwai wani abu a cikinta kamar an toshe. Da a ce zaɓi aka ba ni, ina jin ta tsakiyar zan ce ta fi daɗi.

Ya tsaya ya dube ni.

"Ita ce?"

Na ce ban taɓa jin ta da ba, don haka ba zan iya sani ba. Abin da na sani shi ne itacen ya zauna a inda aka yanka shi ya zauna. Ya gyaɗa kai, amma na ga amsar ba ta kai masa inda yake so ba. Ya sake ɗaga bakan ya ja, yana matse haɓarsa a kan katakon fiye da da.

Daga kicin aka ajiye murfin tukunya da ƙarfi.

"Innalillahi! Ga ta nan da hancin nata. Shi ke nan, barcin rana ya ƙare."

Baba ya ga na juya wajen ƙofar, ya dakata.

"Me ta ce?"

Na matsa kusa da kunnensa na dama na ɗaga murya, abin da ban saba ba.

"Ta ce Mai Mura ta dawo!"

"Ita ta faɗa? Da bakinta?"

"Da bakinta."

"Ta ce yumkin?"

"Ba ta ce ba."

Hajiya ta leƙo tana goge hannu. Ta tsaya a bakin ƙofar, ba ta shigo ba, ba ta koma ba. Baba ya ci gaba daga inda ya tsaya, har ya kai ƙarshen waƙar ya sake ɗaukowa daga farko. Ni kuma na tattara madubina da hantsakina, na share teburin.

Da zan tafi na miƙa wa Hajiya tsinkenta. Ta juya shi ta duba lanƙwasar da salatif ɗin, ta ce wane nama za a gasa da wannan, in sa shi a akwatin Mai Mura, amma ni da Baba kada wanda ya ƙara kwance mata tsirkiya huɗu a lokaci ɗaya.

Kafin shekara ta zagayo kunnen dama ma ya tafi, ko kusan haka. Duk da haka yakan zo shago a lokacin, mu yi magana da hannu da ɗaga murya, ya kira ni Abu Yumkin a gaban mutane. Hajiya ta ce bai daina kaɗawa ba, bayan azahar, daidai lokacin barcinta. Wasu lokuta tsirkiyoyin sukan kauce bai sani ba, sai ta fito ta nuna masa da yatsa, sama ko ƙasa, har su daidaita. In na kai musu ziyara yakan buɗe akwatin ya miƙo mini fitila in leƙa ta tsagar. In duba, in ce ɗan itacen yana nan. Ya karanci bakina, ya ce ruhin, ya rufe akwatin.